Gwangwanin tare baƙin mai a mota mai supacaja: wa yake yi wa amfani?

A garejojin Apo da sauran wuraren gyaran manyan motoci a Abuja, wata shawara ta fara yawaita a bakin makanikai: idan mota mai supacaja ce, a ɗaura mata ɗan gwangwanin da ke tare tururin baƙin mai kafin ya koma cikin inji. Sau da yawa wanda ake ba shawarar hadimi ne ko direban da aka damƙa wa kula da motar maigida, ko kuma ma'aikacin da ya tara kuɗin adashe da rance ya sayi tsohuwar Range Rover ko Marsandi, yana fargabar ranar da injin zai nemi abin da albashi ba zai iya biya ba. Shawarar tana da tushe, amma amfaninta ya tsaya ga wasu injuna ƙalilan, kuma makanikai da yawa suna bayar da ita ba tare da sun tambayi irin injin da ke gabansu ba.

A kowane inji, idan fetur ya ƙone a kan fistan, wani ɗan kaso na iskar ƙonuwar yakan kuɓuce ta gefen ringi ya gangara ƙasa, inda karanshaf ke juyawa cikin baƙin mai. Dole a fitar da wannan iska, in ba haka ba matsinta zai tura mai ta sil da gasket. A da bututu ne kawai ake saki ƙarƙashin mota ta fice a titi. Tun farkon shekarun 1960, jihar Kalifoniya ta Amurka a gaba, aka koma mayar da ita hanyar shaƙar iska domin inji ya ƙone ta, ta wani bawul da makanikai ke kira PCV. Matsalar ita ce iskar tana tafe da ƙananan ɗigon baƙin mai, da tururin ruwa, da ragowar fetur. Aikin gwangwanin shi ne ya tsaya a tsakiyar wannan tiyo, ya rage wa iskar gudu, ta bugi wasu faranta ko raga a cikinsa, man ya taru a gindi, iskar ta wuce da sauƙin datti.

Supacaja tana ƙara wa lamarin nauyi. Bel ne ke juya ta daga karanshaf, tana cusa iska cikin inji da ƙarfi, saboda haka matsin da ke kan fistan ya fi na injin da ke shaƙar iska da kansa, abin da ke kuɓucewa ta ringi ma ya fi yawa. A injuna irin na Range Rover mai lita 5.0 da tsohon injin Audi 3.0 TFSI (wanda harafin T a sunansa ke sa mutane su zaci turbo ne, alhali supacaja ce ta kamfanin Eaton), tururin yana shiga ne kafin supacajar, ya ratsa ta, sannan ya bi ta cikin masanyayar iska da ke manne da ita. Mai idan ya lulluɓe siraran faifan masanyayar, sanyayawarta takan ragu, iska ta isa inji da zafi. Haka kuma baƙin mai da ya gauraya da fetur yana rage wa fetur ɗin juriyar matsi, sai ƙonuwa ta riƙa tashi kafin lokacinta. Kwamfutar mota tana jin wannan ƙwanƙwasa, ta ja lokacin tartsatsin filogi baya don kare fistan, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. A ƙasar da galibin gidajen mai nau'in fetur ɗaya suke sayarwa, kuma zafin Maris da Afrilu a Abuja ya riga ya takura wa masanyayar, wannan hujja ce mai ƙarfi.

Hujjar da ta fi ta ƙarfi tana ga yadda injin ke fesa fetur. A tsohon tsari, nozul tana fesawa a bayan bawul ɗin shigar iska, fetur ya wanke bawul a kowane zagaye. A sabon tsari ana fesawa kai tsaye cikin silinda, bawul ba ya ganin fetur ko kaɗan. Duk man da ya sauka a bayansa zafi ne ke gasa shi, shekara bayan shekara, har ya zama ƙanzo mai tauri wanda ke toshe hanyar iska. Alamarsa ita ce rawar inji da safe, filogi yana tsallake wuta, mota ta yi nauyin tashi. Cire wannan ƙanzo aiki ne babba: sai an sauke supacajar gaba ɗaya, a kankare, ko a fesa garin ɓawon goron Turawa da iska mai ƙarfi, kamar yadda ake yi a garejojin da ke da kayan aikin.

Nan ne ya kamata hadimi ya tsayar da makanike ya tambaye shi. Range Rover mai lita 4.2 da aka yi tsakanin 2005 da 2009 tsohon tsari take bi. Mai lita 5.0 da ta gaje ta daga 2009 kai tsaye take fesawa, haka ma mai lita 3.0 da ta biyo baya. Marsandi C180, C200 da C230 masu tambarin Kompressor, mafi yawansu fetur yana wanke bawulolinsu. Mai irin wannan Marsandi da aka ce ya ɗaura gwangwani don gudun ƙanzo, an sayar masa da maganin cutar da ba ta kama shi ba. Abin da ya fi damun injin nan shi ne tiyoyin numfashinsa da ke tsagewa idan sun tsufa, kuma sauya su ya fi kowane gwangwani amfani.

Ko a injin da ke fesawa kai tsaye, gwangwanin rage ƙanzo yake yi, ba ya kawar da shi. Mai yana zuwa bayan bawul ta wasu hanyoyi da tiyon bai shafa ba: yana tsatsowa ta sil ɗin sandar bawul, kuma akwai ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita suke buɗe tare, hayaƙi ya ɗan dawo baya ya bar kunkunniya. Ban da haka, masu ƙera waɗannan injuna sun riga sun gina matatar mai a cikinsu. Ta Audi tana kwance ƙarƙashin supacajar, hanyarta a ɓoye, wanda ya sa ɗaura gwangwani a kanta ya zama aiki mai wahala da tsada. Ta Range Rover tana cikin murfin saman inji, da wata 'yar roba da takan yage. Idan ta yage, inji zai riƙa zuƙar mai fiye da kima, wani lokaci har da feɗuwa, kuma gwangwanin da aka ɗaura a wannan hali zai cika da sauri, mai mota ya yi murna cewa ga shi yana aiki, alhali robar ce ke neman a sauya ta.

Wannan ruɗi shi ne babban haɗarin. Motocin da ake shigowa da su ta Legas ko Kwatano sun riga sun yi doguwar tafiya, wasu an mayar da lissafin mitarsu baya. Injin da ringinsa ya ci zai cika gwangwani cikin 'yan makwanni. Gwangwanin zai ɓoye shuɗin hayaƙin na ɗan lokaci, amma ringi yana nan yana ci. Makanike na gari zai fara auna matsin kowace silinda ya duba bawul ɗin PCV kafin ya ambaci wani ƙari.

Sai batun zubarwa, wanda a nan ne rayuwar ofis take shigowa. Gwangwani ba ya zubar da kansa. Motar da ke tashi daga Maitama zuwa Sakatariyar Tarayya ta dawo, ko ta kwashe sa'a tana tsaye da inji a kunne don na'urar sanyi yayin da maigida ke taro, ko ta riƙa rarrafe a gosulon Nyanya da Mararraba, tana tara ruwa da ragowar fetur a cikinsa fiye da motar da ke bin hanyar Kaduna. Idan ya cika aka manta, inji zai zuƙi abin da ke ciki gaba ɗaya, ɓarnar ta fi ta tururin da ake gudu. Motar da direbobi uku ke karɓa-karɓa a kanta, kowa yana zaton ɗayan ya duba, ita ce ta fi fuskantar wannan. Motar gwamnati kuwa, mai lamba da fayil, ba hurumin hadimi ba ne ya sa a yanke mata tiyo ba tare da amincewar sashen sufuri ba. Ranar da sil ya fashe, sunansa ne zai fito a takardar tuhuma. Haka sabuwar motar da garantinta bai ƙare ba, dillali na iya kafa hujja da gwangwanin ya ƙi gyara.

Ingancin abin ma magana ce. Kasuwa cike take da gwangwanaye masu sheƙi waɗanda cikinsu fayau yake, babu farantin da zai tare komai. Wasu tiyonsu ya fi na asali ƙanƙanta, sai iska ta rasa mafita, matsi ya taru, mai ya fara yoyo ta sil ɗin bayan karanshaf, gyaran da sai an sauke giya. Akwai kuma masu buɗe kan gwangwanin su sa masa 'yar filta ya riƙa huci a waje. Wannan yana kawo wari cikin mota, yana rikita lissafin iskar da kwamfuta ke yi, kuma a lokacin hunturu ƙofa ce ga ƙurar da ba ta da abin yi a cikin inji.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin kula da mota ya zama abin lissafi a gidan kowane ma'aikaci, don haka jerin abin da za a fara kashe wa kuɗi yana da muhimmanci. Baƙin mai na asali, mai ma'aunin da kamfanin ya rubuta a littafin motar, shi ne kan gaba, domin jabun mai yana saurin zama tururi idan ya ji zafi, shi ne kuma ke ciyar da ƙanzon. Juye a kan lokaci yana biye, a gajarta tazararsa saboda zafi da gosulo, sannan filtar iska da lafiyar PCV. Bayan waɗannan ne gwangwani ke da gurbi.

Wanda ya dace ya saya shi ne mai motar kansa, injinta na fesawa kai tsaye, matsin silindarta lafiya lau, yana da niyyar riƙe ta shekaru, kuma shi da hannunsa zai buɗe gwangwanin. Ya zaɓi mai faranta a ciki, rufaffe, tiyonsa daidai da faɗin na asali, a ɗaura shi nesa da salansa inda hannu zai kai. Ya duba shi kowane mako biyu da farko, ya riƙa auna abin da ya taru har zuwa juye na gaba. Idan ɗan kaɗan ya samu, matatar kamfanin tana aikinta, yana iya cire gwangwanin ya mayar da tiyon asali. Idan yana cika kafin wata ya ƙare, motar ta koma gareji a sake auna ringi.