Koyon zane mai motsi: a fara tambayar wanda zai gyara aikin

Duk mai kallon labaran talabijin ya san aikin masu zane mai motsi, ko da bai san sunan sana'ar ba. Tambarin tasha da ke juyawa kafin mai karanta labarai ya bayyana, sunan baƙo da ke zamowa daga gefen allo, taswirar da ke nuna garuruwan da ambaliya ta ci, jerin sunayen 'yan wasa a farkon fim ɗin Kannywood, duk aikinsu ne. 'Yan sana'ar suna kiranta moshan girafiks. Matasa da dama a Kano, Kaduna da Damagaram sun hango akwai abinci a cikinta, kuma kullum tambayarsu ita ce ina ake koyo. Akwai wadda ta fi ta nauyi: wa zai zauna ya duba aikin ɗalibi, ya nuna masa inda ya karkace?

Sana'ar ta girmi manhajojin da ake tallarta da su. A 1955 Ba'amurken nan Saul Bass ya tsara buɗewar fim ɗin The Man with the Golden Arm da fararen layuka da hoton hannu na yankakkiyar takarda, kuma har yau ana koyar da wannan aikin a makarantu. After Effects, manhajar da ta fi shahara a fagen, ba ta fito ba sai 1993. A maƙwabta kuma akwai Moustapha Alassane na Nijar, makanike da ya fara zane da kansa, ya je Kanada ya ƙaru da gwanin zane Norman McLaren, ya kuma fitar da fim ɗin Bon Voyage Sim a 1966. Baiwa gare shi tun farko, amma sai da ya nemi gwani ya zauna a gabansa.

Abin da gwani ke koyarwa ƙanƙane ne a ido. A ce tambarin kamfani zai shigo allo cikin daƙiƙa biyu. A talabijin ɗinmu hoto 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa, ke nan hotuna 50 ne a hannun mai zane. Sabon shiga zai sa tambarin ya taho da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, ya tsaya cak, mai kallo ya ji wani abu bai yi daidai ba amma ya kasa faɗin mene ne. Wanda aka horar zai sa ya taso a hankali, ya ƙara sauri a tsakiya, ya ɗan zarce wurinsa kaɗan, sannan ya dawo ya zauna. Frank Thomas da Ollie Johnston na kamfanin Disney sun tattara irin waɗannan ƙa'idoji goma sha biyu a littafinsu na 1981. Manhaja tamkar keken ɗinki ce, mallakarsa ba ta koya wa mutum yanka.

Jami'a ta fi ƙarfi a wannan tushen. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana koyar da zane da tsarin girafiks, Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa kuma tana Jos. A irin waɗannan wurare ake koyon launi, tsarin haruffa da daidaita abubuwa a fili, kuma ɗalibi kan kafe aikinsa a bango malami da abokan karatu su yi masa filla-filla. Farashin shi ne shekaru, da tsaikon da ba a shirya masa ba: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas.

Cibiyoyin kwas ɗin wata uku sun fi sauri, kuma a nan ne ya kamata iyaye su buɗe ido kafin su biya. A nemi ganin aikin ɗaliban da suka gama, domin aikin malami ba ya nuna ko ya iya koyarwa. A ƙirga kwamfutoci a ƙirga ɗalibai. A tambaya ko akwai janareta ko sola, saboda fitar da bidiyo mai nauyi na iya cin awoyi, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya na mayar da aiki baya.

Intanet ta buɗe ƙofar da da can babu ita. Darussan Andrew Kramer na shafin Video Copilot sun yaye masu sana'a a ƙasashe da yawa, YouTube kuma cike yake da na kyauta. Haɗarin shi ne mutum ya shekara yana kwaikwayon darasi, ranar da mai shago ya ce a yi masa tallar daƙiƙa goma sha biyar ya rasa ta inda zai fara. School of Motion na sayar da kwasa-kwasan da ake duba aikin ɗalibi, amma da dala ake biya. Makarantu irin su Gobelins ta Faransa sai mai hali ko mai tallafin karatu.

Tsadar manhaja ma ba ta zama katanga ba yanzu. Kamfanin Adobe, mai After Effects, kuɗin haya yake karɓa, amma Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latviya da ya ci kyautar Oscar a 2025. DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta.

Akwai darasin da babu malamin waje da zai bayar. Yawancin salon haruffan da ake saukewa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, shi ya sa sunayen finafinai da kanun labarai ke fitowa babu lanƙwasa, ko harafi ɗaya ya fito bare a tsakiyar kalma. Mai zanen da ya iya gyara wannan, ya iya motsa rubutun ajami daga dama zuwa hagu, ya kuma san yadda zai ɗauko fasalin zanen bangon Zariya ba tare da ya cika allo da tarkace ba, yana da abin da kasuwar Hausa ke buƙata.

Saboda haka nauyin bai tsaya kan matasa kaɗai ba. Tashoshi irin su Arewa24 da kamfanonin Kannywood su ne ke da ainihin aiki da ƙwararrun da za su iya gyara na ƙasa da su. Ya dace kowannensu ya riƙa ɗaukar masu koyo na 'yan watanni, a ba su ƙananan ayyuka na gaske, a bar su su fita da bidiyon minti ɗaya na abin da hannunsu ya yi, wanda shi ne abin da mai ba da aiki ke buɗewa kafin ya tambayi takarda.