FUREN DA MUKE TSALLAKEWA A TSAKAR GIDA

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, ƙorafi ne, kuma da kaina zan fara kafin in taɓa kowa.

Kwanakin baya ina kakkaɓe tsofaffin littattafaina sai na tsaya ina ƙirga sau nawa na sa saurayi ya miƙa wa budurwa fulawa. Na gaji na bari. Kullum jar fulawa ce a cikin leda mai ƙyalli, irin ta finafinan Indiya, alhali ni da na rubuta ban taɓa ganin an miƙa wa wata ita ba a Mabera ko Runjin Sambo. Masu cewa mu marubuta muna kwaikwayon Indiyawa, a nan dai sun kama ni. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, duk shekarun nan akwai fure a bayan ɗakin girkinmu, ina tsallake shi safe da yamma.

Yakuwa nake nufi, wadda mu Sakkwatawa muke kira sure. Don Allah idan damina ta ja baya, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ki fita da hantsi ki dube ta. Furenta fari ne mai ratsin rawaya, tsakiyarsa ja wur kamar an ɗiga masa jini. Da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yi laushi ya naɗe, gobe wani ya fito. Abin da muke jiƙawa mu sha ma ba furen ba ne, kwanson da ke riƙe da shi ne, wanda yake kumbura ya yi tsoka bayan furen ya faɗi. Akwai ja, akwai mai duhu kamar baƙi, akwai fari na miya. Ganyen a yi miyar sure, kwanson a yi zoɓo, gurguzun a yi daddawar batso. Ki duba furen rama, ki duba na kuɓewa, har na auduga, za ki ga kamarsu ɗaya, don dangi ne.

To wannan jar fulawar mai faɗi kamar faranti da ake gani a gidajen GRA da harabar otal-otal, wadda Turawa ke kira hibiskus, ƙanwar yakuwa ce ta jini. Daga Asiya aka kawo ta. Mutanen Maleshiya tun 1960 suka ɗauke ta furen ƙasarsu. Tana zuwa ja, rawaya, fara, ruwan hoda, wata fallen ɗaya wata ninki-ninki. Amma mu mun raba su gida biyu, waccan ta masu kuɗi, wannan ta talaka, ba ma yarda a kira ta fure.

Ranar da na shigo da tawa a tukunyar ƙasa, uwar mijina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyata, mi za ki yi da hakin da ba shi shiga tukunya?" Na yi dariya, amma maganarta ba ta banza ba ce. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, inda gidaje da yawa sai sun tare mai kura sun sayi jarka, wanda ya ga kana zuba wa fulawa ruwa dole ya ga almubazzaranci. Ba zan ce mata ba ta da gaskiya ba.

Sai dai ni ban taɓa sayen jarka don ita ba. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye, duk da a da kwata ke shanye su, yanzu bokiti guda nake tara su. Ban da ruwan wanki mai omo, wannan ƙona ta yake yi. Tukunya uku ba su fi ƙarfin wannan bokitin ba. Reshe ne ake yankowa, kaurin fensir, tsawon taƙi guda, a cire ganyen ƙasa a soka a cikin ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, a watan Yuli ko Agusta lokacin da iska ke da laima. A ajiye ta inda za ta sami ranar safe, inuwa ta rufe ta da azahar, domin ranar Sakkwato ba ta da sabo. In fararen ƙwarin nan masu kama da auduga suka kama ta, a daka ganyen dogon yaro a jiƙa a yayyafa. Babbar abokiyar gabarta dai akuya ce. Jar akuyarmu da duniya ta san ta saboda fatarta, ita ta cinye mini dashen farko cikin minti biyar, ta bar ni da tsinke.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke gina gidaje yanzu. Kowa ya sami hali sai ya malale tsakar gida da siminti ko ya shimfiɗa tayil daga ƙofa har bango, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Da rana simintin ya sha zafi, da dare ya amayar mana, ga wuta ba tabbas. Iyayenmu mata kuwa, kowace tana da ɗan kewayenta na sure da rama da kuɓewa, ba ta aika yaro kasuwa don ganyen miya. Mun kira wannan ƙauyanci mun share. Yaranmu sun san zoɓo a cikin gora, amma ka nuna musu itacensa ba za su gane ba.

Su kuma mutanen waje ba su raina shi ba. A Masar da Sudan karkade ne, a Senegal bisap, a Gana sobolo. Buhunan da ake lodawa daga kasuwanni irin na Maigatari a Jihar Jigawa har Meziko suke kaiwa, can ma jiƙawa suke yi su sha da ƙanƙara. Wato abin da muka ƙi ba wa gurbi a gida, jirgin ruwa ake ɗauka a zo nemansa.

Shi ya sa nake roƙon 'yan uwana mata, musamman masu shirin gini ko gyaran gida, ku ce wa maigida a bar muku gefe guda kada birkila ya taɓa. Wadda take ganin fulawa aikin banza ne, ta fara da sure, tunda shi zai ba ta kallo kuma ya ba ta miya. Ku kuma 'yan uwana marubuta, mu rage aron fulawar leda. A littafin da nake rubutawa yanzu, yarinyar tana tsinkar zoɓo ne a gonar babanta a bakin gulbin Rima lokacin da ya fara ganinta, yatsunta duk sun yi ja.

Inna kuwa har yau ba ta yarda fulawata na da amfani ba. Amma na lura tabarmar hantsinta ta ƙaura daga bakin ɗakinta ta koma kusa da tukwanen, kuma ita ce ke korar akuya.