Data ta ƙare, amma bai kamata karatu ya tsaya ba

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Cikin waɗanda abin ya fi ƙuntata wa akwai matasa masu koyon rubuta manhaja, waɗanda da yawansu da bidiyon YouTube suka dogara. Da zarar data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, sai a naɗe tabarmar karatu.

Abin takaicin shi ne, sau da yawa amsar da ake nema tana cikin kwamfutar. Tun 1971 tsarin Unix ke da littafin jagorarsa, kuma Linux ta gaji wannan al'ada. Mai amfani da ita ya rubuta "man ls", nan take bayanin umarnin ls zai fito ba tare da intanet ba. Wanda baƙin allo ke gajiyar da idonsa, a Ubuntu zai iya rubuta "man -H ls" bayanin ya buɗe a burauza, matuƙar ya girka manhajar groff.

Mai koyon Python ya rubuta "python -m pydoc -b", burauza za ta nuna masa bayanan duk kayan Python da ke girke a kwamfutarsa. Shafin DevDocs kuwa yana ba da damar sauke jagorar HTML da CSS da JavaScript a cikin burauza, a karanta ko babu sabis. Manhajar Zeal ma aikinta ke nan a Windows da Linux. Wanda waya kawai gare shi, Chrome na da alamar kibiya ta ajiye shafi.

Gaskiya ne waɗannan littattafai da Turanci suke, kuma ba su da daɗin kallo kamar bidiyo. Amma waɗanda suka ƙirƙiri manhajar ne yawanci ke rubuta su, kuma wanda bai saba karanta su ba zai daɗe yana kwafar aikin da bai fahimta ba.

Don haka muna kira ga kwalejojin fasaha da cibiyoyin shirin 3MTT su sa wannan cikin darasin makon farko: a sauke jagororin sau ɗaya, a raba wa ɗalibai a filas, a riƙa sabunta su lokaci-lokaci. Kai kuma ɗalibi, ranar da ka samu wifi, fara sauke jagora kafin ka buɗe bidiyo.