Tartsatsi Ɗaya Ya Ishe Mu: Maganar Shagunan Gas a Zango

Jama'ar Zango, yau tsakaninmu za mu yi magana, ba da baƙo ba. Duk wanda ya taka daga bakin masallaci zuwa layin dogo a nan Agege ya san irin shagon da muke nufi. Ga babbar tukunyar gas a jingine, ga sikeli, ga tiyo, yaro na ɗura wa mata kilo ɗaya, kilo biyu. A saman kansa kwan lantarki ne ke lilo a jikin wayar da aka ɗaure da leda. A bango akwai soket da maƙwabta ke cajin waya. A bakin ƙofa janareto na ruri, gefe guda mai shayi ya hura wutarsa, a bene kuma iyali na barci. Mun saba ganin wannan har ya daina ba mu tsoro. To, wallahi ya kamata ya ba mu.

Ba mu ce a daina sayar da gas ba. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, gawayi ma ya yi tsada, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 mutane da dama sun juya janaretonsu zuwa gas. Masu shagunan nan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, halak ɗinsu suke nema. Rigimarmu da kayan lantarkin da ke cikin shagon ce.

Ga yadda abin yake. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka in ya tsiyaye ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata, ya shige ƙarƙashin ƙofa. Lita ɗaya ta ruwansa in ta fita daga tukunya tana zama kusan lita 250 na iska. Kuma ba sai ya cika ɗaki ba: in ya kai kamar kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na iskar wurin, ashana kawai yake jira. Ashanar kuwa ba lallai ta kwali ba. Kowane makunni na gida yana yin ɗan tartsatsi a cikinsa lokacin kunnawa, haka ma lokacin kashewa. Firij na yi, fanka na yi, zare caja daga soket na yi. Wanda ya taɓa juya layi daga janareto zuwa NEPA da daddare ya ga wannan shuɗiyar wutar da idonsa. Kuma ku tuna halin wutarmu: ana ɗaukewa a bar komai a kunne, ta dawo ƙarfe uku na dare babu kowa a shago sai gas ɗin da ya kwana yana tsiyaya.

Duniya ta daɗe da sanin wannan. Akwai ƙa'idojin ƙasa da ƙasa da ake kira IEC 60079, waɗanda suka kasa irin waɗannan wurare gida uku: inda gas ke cikin iska kusan koyaushe, inda yake fita a yayin aiki na yau da kullum, da inda ba ya fita sai an samu matsala. Wurin ɗura gas yana cikin masu haɗari, domin duk lokacin da aka cire tiyo sai an ji wannan "fuss" ɗin. A irin wurin nan fitila da makunni da injin famfo dole su zama na musamman, masu tambarin Ex. Wasu an rufe su cikin akwatin ƙarfe mai kauri, ta yadda ko wuta ta tashi a ciki ba za ta fito ba. Wasu kuma an rage musu ƙarfin lantarki har tartsatsinsu ba ya iya kunna gas.

Mu ma a Najeriya ba a rasa doka ba. Dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, wadda ta gaji DPR wajen ba da lasisin harkar gas. Hukumar SON ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su. Hukumar NEMSA, da dokar 2015 ta kafa, ita ke duba wayarin da kayan lantarki tana kuma tantance masu aikin. Tun zamanin DPR ma an hana juye gas daga tukunya zuwa tukunya a shagunan unguwa. Takarda dai ta cika. Amma dokar da ta tsaya a ƙofar manyan defo, ba ta shigo lungu ba, wa take karewa? Masu yankan rasit sun san hanyar shagon nan sarai, ba sa ɓata. Mai duba wayarin ne har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.

Kada wani ya ce muna tsorata mutane a banza. A ranar 4 ga Janairu 2020 shagon gas ya fashe a Sabon Tasha, Kaduna, ya ci rayuka, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Ba shi ke sayar da gas ba, yana kusa ne kawai. A ranar 8 ga Oktoba na wannan shekarar, a Baruwa da ke Ipaja, nan bayanmu, wata tashar gas ta kama da sassafe, aka rasa rayuka, gidaje da shaguna suka ƙone. Bayanin farko da hukumar agajin gaggawa ta Legas ta fitar shi ne, tanka na sauke gas alhali janareton tashar na aiki. Janareto fa! Irin wanda ke bakin ƙofar shagunanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu juyo kanmu, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Da an ɗauko zancen sai ka ji, "Malam, abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa." Haka ne. Amma mai wannan maganar yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya tafi gida, bai bar wa ƙaddara ba. Wani ya ce fitilar Ex tsada gare ta. Gaskiya ne, ta fi kwan kasuwa tsada nesa ba kusa ba. To, nawa ne kuɗin bene guda? Wanda ba zai iya sayenta ba yana da hanyar da ba ta cin ko sisi: ya cire lantarki daga wurin ɗurin gaba ɗaya, ya yi ciniki da rana, ya rufe kafin magariba. Su kuma iyayenmu masu gidaje da ke ba da hayar ɗakin ƙasa ga mai gas saboda ya fi mai tireda biya, Alhaji, jikokinka ne fa ke kwana a sama.

Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa. Mu a nan, ko an haifi kakanka a Agege, ranar da abu ya lalace baƙo ne kai. In gobara ta tashi daga shago ɗaya, ba sunan mai shagon za a kira ba, "Hausawa" za a ce. Rufe layi da rusau kan biyo baya, kuma katafila ba ta tambayar wa ke da laifi. Mai goro da mai ɗinki da mai canji duk za su biya kuɗin makunnin da ba su suka saka ba.

Don haka muna kira ga Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da limamanmu, da ƙungiyar matasa, su zauna da masu gas a tsayar da magana. Kada a ɗura gas a ƙarƙashin ɗakin kwana. Kada a bar soket, firij ko cajin waya a wurin ɗuri. A nisantar da janareto, kuma a kashe shi kafin a buɗe tukunya. Duk wayarin da za a yi, mai takardar shaida ya yi shi, ba yaron da ya koya jiya ba. Sannan mu da kanmu mu rubuta wa hukuma mu gayyato masu dubawa, su zo su nuna mana gyara tun muna da shagunan. Su ma hukumomin su fitar da waɗannan ƙa'idoji da Hausa da Yarbanci, su tsare kasuwa daga kayan jabu masu tambarin Ex na ƙarya.

Ke kuma uwargida, in kin shiga kicin kin ji warin gas, kar ki taɓa makunni, ko kunnawa ko kashewa. Rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da taga, fitar da yara, sai kin yi nisa ki kira 112 ko 767.

Mun iya haɗa kuɗin likkafani cikin awa ɗaya, kowa ya shaide mu da wannan. Mu gwada haɗa kai kafin a buƙaci likkafanin. Allah Ya tsare mu, Ya tsare unguwarmu.