Haƙƙin Fure a Cikin Duhun Dare

Galibin masu renon furanni a cikin ɗaki, waɗanda suka sayi fitilu suka rataya bisa tukwanen shukarsu, sun ɗauka duk alherin tsiro a cikin haske yake, har idan suka ga fure ya yi jinkiri sai su ƙara masa awoyi da niyyar kyautatawa, alhali kuwa sau da yawa wannan ƙarin shi ne ainihin illar da ta hana shi buɗewa. A nawa ra'ayi, babu kuskuren da ya kai keta wa tsiro darensa muni a wannan sha'ani.

Hujjar wannan magana tabbatacciya ce. A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka bayyana cewa wata taba mai suna Maryland Mammoth ba ta yin fure sai yini ya gajarta. A 1938 kuma Hamner da Bonner suka gano cewa tsawon dare ne irin waɗannan tsirrai suke aunawa, domin ɗan haske kaɗan a tsakiyar dare ya isa ya warware musu lissafi. Manomin ƙasarmu ya san wannan hikima ta Ubangiji tun kafin a rubuta ta, tunda yana gani farfara da ƙaura, ko an shuka su da ruwan fari ko an makara, kusan lokaci guda suke fid da kai, sa'ad da damina ta doshi ƙarewa, dare ya fara tsawo.

To, fonsetiya, wadda ake ƙawata ɗakuna da jajayen ganyayenta lokacin Kirsimeti, tana bukatar duhu marar yankewa na wajen awa 14 kowane dare har kimanin mako 8, kuma kalankowe da kirisantimum ma masu son dogon dare ne. Wardi kuwa bai cika damuwa da wannan ba, saboda haka wajibi ne mutum ya fara sanin ɗabi'ar abin da yake reno.

Idan an yi rafkanwa aka bar fitila a kunne dare ɗaya, abin da yakan biyo baya jinkiri ne kawai. Maimaitawa ce ke mayar da tsiro ga fid da ganye ya bar fure. Inda nake ganin mutane suna ɓata lamarin shi ne wajen gyara, don wani sai ya kulle tukunyar kwana biyu cikin duhu wai yana biyan abin da ya wuce, kamar azumi ne da ake ramawa, wani kuma ya yi ta sauya lokaci kullum har tsiron ya rasa ƙa'idar da zai bi. Abin da ya dace shi ne a koma kan nizamin farko tun daren da ya biyo, a yi haƙuri. In kuwa tilas ne a sauya lokacin kunnawa, gara a tsawaita dare sau ɗaya da a gajarta shi.

Mu da ake ɗauke wa wuta muna da wata jarrabawa ta daban. Agogon kunna fitila mai juyi yakan tsaya idan wuta ta tafi, ya ci gaba daga inda ya tsaya idan an kawo ta, sai ka tarar fitila ta kama da ƙarfe biyun dare mai gida yana barci. Yini guda babu fitila bai kai wannan cutarwa ba. Maganin wannan jarrabawa agogo mai batir, ko kuma a kifa wa tukunyar babban kwali daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na safe, bayan an shiga ɗakin da dare an duba ko hasken fitilar waje yana kutsowa ta taga ko ta ƙarƙashin ƙofa.