Charles Roberts: Mutumin Da Ya Rubuta Manhajar Yaƙi A Kan Kwali

A ranar 20 ga Agustan 2010 Charles S. Roberts ya rasu yana da shekara 80. Bayan wata guda aka fitar da wasan kwamfuta na Civilization V, kuma ɗaya daga cikin manyan sauye-sauyensa shi ne taswira mai gidaje masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma. Roberts ya sa wannan tsari a wasannin kamfaninsa tun 1961, a kan kwali, babu kwamfuta.

Roberts ɗan Baltimore ne a Amurka. A 1954 ya fitar da Tactics, wanda ake ɗauka shi ne wasan yaƙi na allo irin na zamani na farko da ya shiga kasuwa. A 1958 kamfaninsa na Avalon Hill ya fitar da Gettysburg, a kan yaƙin basasar Amurka.

Duk mai rubuta manhaja da ya karanta dokokin waɗannan wasanni zai gane sana'arsa a ciki. Idan runduna biyu suka gwabza, ana kwatanta ƙarfin mai hari da na mai karewa, a ce 3 da 1, a jefa dayis irin na ludo, sannan a duba jadawali a ga sakamako. Bayanai sun shiga, ƙa'ida ta yi aiki, amsa ta fito. Gidan mai kusurwa shida shi ma gyaran kuskure ne. A allo mai kusurwa huɗu, wanda ya yi tafiya a karkace ya fi mai tafiya a miƙe cin ƙasa da kusan kashi 40 cikin 100. A saƙar zuma, nisan duk maƙwabta shida ɗaya ne.

Wani zai ce wannan tsohon yayi ne. Sai dai Bruce Shelley, wanda ya yi aiki da Sid Meier a Civilization na 1991 kafin ya shiga aikin Age of Empires, daga Avalon Hill ya fito.

Shi kuwa Roberts bai ci moriyar gonar da ya share ba. A 1963 bashi ya yi wa kamfanin katutu, ya miƙa shi ga masu binsa. Daga baya ya koma rubuta tarihin jiragen ƙasa. Hasbro ya sayi Avalon Hill a 1998, sunan Roberts kuma ya rage a kan lambar yabo ta wasannin yaƙi.

Matashin da ke burin ƙirƙirar wasa amma yana jiran kwamfuta mai tsada ya kamata ya duba wannan tarihi. Ana gwada ƙa'idar wasa da kwali, biro da abokai biyu. Idan ba ta yi daɗi a tebur ba, hotuna masu kyau ba za su cece ta a waya ba. Kuma tun ranar farko ya riƙa lissafin kuɗinsa, domin a nan ne Roberts ya faɗi.