Kafin a Kai Kwamfuta Ɗakin Jinya a Batsari

Wanda 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensa a yankin Batsari ko Safana ba ya tsayawa neman katin asibiti. Idan matarsa mai juna biyu ta je awo a cikin gari, sai ma'aikaciyar jinya ta soma daga tushe: babu tarihin hawan jini, babu rukunin jini, babu labarin haihuwar baya. Wannan kaɗai ya isa hujja ga masu kiran a adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, kuma ina tare da su.

Sai dai ba kowace manhaja ce ke rage wahala ba. Amurka ta zuba biliyoyin daloli a wannan aiki bayan wata doka ta 2009, amma wani bincike na 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya, yana ƙara kusan awa biyu a kan kwamfuta da takardu. A can ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa. A ƙananan asibitocinmu kuwa, sau da yawa nas ɗaya ce ke duba mara lafiya, ta yi allura, ta karɓi haihuwa, ta cika rajista, a ƙarshen wata kuma ta haɗa alƙaluman da za a shigar a DHIS2, rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Alƙaluman suna yi wa masu tsara kasafi a Katsina da Abuja amfani, amma ba sa gaya wa nas maganin da aka ba yaro makon jiya.

Don haka duk manhajar da za a kawo ta cika sharuɗɗa uku. Na farko, ta yi aiki ko babu intanet. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, saboda tsaro. Manhajar da ta dogara da sabis da ta zama kwandon ɗiban ruwa. Na biyu, ta maye gurbin rajista, kada a sa nas rubuta abu ɗaya sau biyu. Na uku, kafin a sa hannu a kwangila, a ba ma'aikatan jinya da ungozomomi su gwada ta ranar da layi ya yi tsawo, a ƙirga mintocin da shigar da bayanan yaro mai zazzaɓi ke ci. Idan biro ya fi ta sauri, a mayar da ita gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.